Daidai Ruwa Daidai Tsaki: Tattalin Wutar Kwamfuta a Garki

Gabatarwa

Akwai kalmomi biyu a Hausa waɗanda baƙon harshe yakan zaci ma'anarsu ɗaya ce, alhali kuwa tsakaninsu akwai tafiya mai nisa. Kalmomin nan su ne rowa da tattali. Da marowaci da mai tattali duk suna riƙe abin hannunsu, kuma duk ba sa son a zubar. Inda suka rabu shi ne, marowaci yakan hana abin da ake bukata, shi kuwa mai tattali abin da ya wuce bukata yake hanawa. Saboda haka marowaci tsoro kaɗai ya ishe shi jari, amma mai tattali tilas ne ya san iyakar bukata, ita kuwa iyakar bukata ba ta sanuwa sai da awo. Uwargidan da ta san mudu nawa ke ciyar da gidanta, ta kuma san ruwan da zai ɗauki garin tuwonta, ita ce ta fi kowa fahimtar karin maganar nan da ke cewa daidai ruwa daidai tsaki.

An saba jin waɗannan kalmomi a wajen hatsi da kuɗi da itacen girki. To, a 'yan shekarun nan wata dabara ta yaɗu a tsakanin masu aiki da manyan kwamfutoci, wato rage ƙarfin wutar da ake tura wa katin hoto domin ya rage shan wuta, ya kuma rage zafi, ba tare da aikinsa ya ragu ba. A ƙasashen da wuta ba ta yankewa, yawanci sha'awa ce take sa a yi wannan. A gari irin Garki kuwa, maganar ta shafi abincin mutum da mutuncinsa a idon waɗanda suka ba shi aiki, kamar yadda labarin wani matashi mai haɗa finafinan biki zai nuna.

Garki da Wutarta

Garki hedikwatar ƙaramar hukuma ce a Jihar Jigawa, cikin masarautar Ringim. Kafin ranar 27 ga Agusta 1991, lokacin da aka cire Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano aka mai da Dutse babban birninta, Garki gunduma ce ta ƙasar Kano. Ƙasa ce ta noman gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi. Sunan garin ya shiga littattafan likitanci na duniya saboda binciken zazzaɓin cizon sauro da Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar a ƙauyukan gundumar daga 1969 zuwa 1976. An fesa magani a ɗakuna, an raba ƙwayoyi, an yi ta ɗibar jini ana ƙirga sauro, daga ƙarshe aka ga cutar ta ragu ƙwarai amma ba ta yanke ba. Babban darasin wannan aiki shi ne, abin da aka tsara a wata nahiya sai an kawo shi Garki an auna kafin a san gaskiyarsa.

Wannan darasi ya hau kan kwamfuta daidai wa daida. Daga watan Maris zuwa Mayu, zafin rana a wannan yanki yakan haura digiri 40, a cikin shago mai rufin kwano kuwa abin ya fi haka. Da hunturu, ƙura ce take shiga kowace kafa. Ita kuma wutar lantarki, wadda har yau jama'a suke kira Nepa da sunan hukumar da aka kafa a 1972, ko da yake tun 2013 kamfanin KEDCO ne yake raba ta a jihohin Kano da Katsina da Jigawa, ba abar da mai sana'a zai ɗora alkawari a kanta ba ce. A watan Oktoba na 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Man fetur da ake zuba wa janareta shi ma ya yi tashin gwauron zabo bayan cire tallafi a ranar 29 ga Mayu 2023, ya tashi daga ƙasa da naira 200 a kan lita zuwa naira 500 da 'yan kai cikin kwanaki kaɗan, kafin ƙarshen 2024 kuwa ya haura naira 1,000 a wurare da dama. Wannan ne ya sa masu ƙananan sana'o'i da yawa suka koma ga sola da batir da inbata. Wanda kuwa yake shan wuta daga batir, kamar mai cin hatsi ne daga rumbunsa: kowane dami da ya fita, ya san an rage.

Matashin da ake magana a kansa ya koyi aikin kwamfuta a Dutse, ya dawo gida ya buɗe shago. Yana ɗaukar bidiyon ɗaurin aure da suna da saukar karatu, ya yanke, ya haɗa, ya sa rubutu da sauti, yana kuma zana katin gayyata da fastoci. Da sana'ar ta ɗan kankama, sai ya tafi Kano ya sayo kwamfutar tebur ta hannu, mai ɗauke da matsakaicin katin hoto wanda yake shan wat 170 idan aiki ya yi nauyi. Da sanyin safiya lafiya lau take aiki. Amma da azahar, idan ya sa ta fitar da fim mai tsawo, sai fankokinta su ɗauki kururuwa, shagon ya koma kamar gidan burodi, aikin ya dinga ja da baya, batir kuwa ya ƙare tun kafin isha'i. A ɗaya ɓangaren ga dangin amarya suna aiko yaro safe da yamma a tambayi fim.

Daga Ina Zafin Yake Fitowa?

Katin hoto, wanda masu sana'ar suke kira girafik kad, wani allo ne da ake sokawa a cikin kwamfuta, aikinsa shi ne lissafin duk abin da ido yake gani a fuskar na'urar. A tsakiyarsa akwai wata 'yar ƙwaya ta silikon wadda ba ta fi faɗin babban ɗan yatsa ba, a cikinta kuma akwai biliyoyin tiransista, irin abin nan da ya ba tsohuwar rediyo sunanta, sai dai waɗannan ido ba ya ganinsu. Kowace tiransista makunni ce da ke buɗewa ta rufe, ƙwayar kuma takan yi bugu kusan sau miliyan 1,800 a cikin daƙiƙa ɗaya. Wannan saurin bugu shi ake aunawa da megahaz.

Domin a fahimci sauran bayanin, sai an raba ma'auni uku da Bahaushe yake haɗawa wuri ɗaya ya ce musu ƙarfin wuta. A ƙaddara tankin ruwa ne a kan hasumiya. Matsin da ruwan yake fitowa da shi, wanda ya dogara ga tsawon hasumiyar, shi ne kwatankwacin bolt. Yawan ruwan da yake bi ta bututu shi ne amfiya. Idan aka ninka bolt da amfiya, sai a sami wat, wato ainihin abin da ake kashewa. Ƙwayar katin hoto tana aiki ne da bolt ɗaya ko kusa da haka, abin da bai kai na batirin tocila ba, amma amfiyar da take zuƙa takan wuce ɗari. Duk wat ɗin da ya shiga cikinta kuwa, a ƙarshe zafi yake zama, babu ko ɗaya da yake ɓacewa. Ke nan katin da yake shan wat 170, murhu ne mai wat 170 da aka kunna a cikin shago.

Ka'idar da dabarar ta dogara a kanta ita ce, wutar da ƙwaya take sha wajen buɗewa da rufewa tana bin saurin bugu sau ɗaya, amma tana bin bolt sau biyu, wato bolt a ninka shi da kansa. Alal misali, idan aka rage saurin bugu da kashi 10 cikin 100, wutar ma kashi 10 za ta ragu, aiki kuma ya ragu da kashi 10, babu riba ke nan. Amma idan bolt aka rage da kashi 10 aka bar saurin yadda yake, sai a ninka 0.9 da 0.9 a sami 0.81, wato wuta ta ragu da kashi 19, aiki kuwa yana nan yadda yake. Daɗin daɗawa, akwai wata wutar da take yoyo ta jikin tiransista ko da a rufe take, yoyon nan kuma yana ƙaruwa idan ƙwaya ta yi zafi. Zafi yana jawo yoyo, yoyo yana ƙara zafi. Da zarar ƙwaya ta kai wani mizani, wanda a yawancin katunan kamfanin Nvidia digiri 83 ne, sai katin ya rage saurin kansa domin ya tsira. Wannan ne dalilin jan ƙafar da kwamfutar matashin take yi da azahar. Zafin kati kuwa a kan zafin ɗaki yake hawa, don haka katin da yake zaune lafiya a ɗaki mai digiri 22 a Jamus, idan aka kawo shi ɗaki mai digiri 42 ya riga ya yi asarar digiri 20 tun kafin a kunna shi.

Mai karatu yana iya tambaya, in dai haka ne, me ya hana masana'anta ta rage bolt ɗin tun daga can? Amsar ita ce, ƙwayoyin da aka yanko daga faifan silikon ɗaya ba su zama ɗaya, kamar yadda 'ya'yan ciki ɗaya kowa da halinsa. Wata ƙwayar takan kai saurin da ake so da wuta kaɗan, wata kuwa sai an ƙara mata. Masana'anta tana sayar da miliyoyin katuna, tana kuma son kowanne ya yi aiki shekara da shekaru, saboda haka takan sa ma'auni mai yalwa wanda zai ɗauki har mafi raunin ƙwaya. Wannan ba laifi ba ne, hali ne irin na mai girkin biki, wadda ba ta san yawan baƙi ba, gara abinci ya ragu da a ji kunya. Sai dai abin da ya dace da ranar biki bai dace da girkin yau da gobe ba. Wanda ya mallaki kati ɗaya tak yana da damar da masana'anta ba ta da ita, wato ya zauna ya gano cikin nasa katin.

Gardamar Baffa

Matashin yana da baffa, tsohon mai gyaran rediyo da fanka, wanda ya ba shi aron wani ɓangare na kuɗin kwamfutar. Da labari ya kai masa cewa yaron yana shirin rage wa na'urar wuta, sai ya taka har shagon.

Ya ce, "Kai ɗan nan, me nake ji haka? Shekara talatin ina gyaran kayan wuta, ban ga abin da ya fi raunin wuta kashe kaya ba. Firji nawa aka kawo mini sun ƙone don wuta ta zo ba ƙarfi? Mutane suna sayen sitabilaiza don su ƙara, kai kuma za ka rage da hannunka?"

Matashin ya russuna ya ce, "Gaskiyarku ne, Baffa. Amma wadda kuke nufi ta bango ce, ita ba zan taɓa ta ba. Wadda zan rage tana can ciki, bayan an tace ta sau biyu."

Baffan ya ce, "To, Allah ya sa. Amma ka sani dukiyar nan ba taka ba ce kai kaɗai."

Tsoron dattijon yana da tushe, domin wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce. Idan ta faɗi ƙasa sosai, injin firji ko na famfon ruwa yakan kasa juyawa yadda ya kamata, ya yi ta zuƙar amfiya, wayoyinsa su yi zafi har su ƙone. A cikin kwamfuta kuwa tsarin daban ne. Akwai akwatin wuta da yake karɓar bolt 230 ya mai da ita bolt 12, sannan a jikin katin hoton akwai wasu 'yan na'urori da suke sake sauke bolt 12 ɗin zuwa wajen bolt ɗaya. A wannan mataki na ƙarshe ake yin ragin. Ƙwayar silikon ba inji ba ce mai juyawa. Idan aka rage mata bolt, amfiyar da take ja ita ma raguwa take yi. In ragin ya yi yawa, abin da zai faru shi ne ta yi kuskuren lissafi, hoto ya tsaya, a kashe a sake kunnawa. Yawan bolt da yawan zafi su ne suke tsufar da ƙwaya. Da dattijon da ɗan ɗan'uwansa duk gaskiya suka faɗa, kalma ɗaya ce ta haɗa su faɗa, domin kowanne ya ce ƙarfin wuta, alhali abubuwa biyu suke nufi.

Yadda Ake Awon

Aikin ba ya bukatar a kwance ko kusa ɗaya. Da manhaja ake yinsa. Masu katin Nvidia sun fi amfani da MSI Afterburner, wadda kyauta ake samunta, masu katin AMD kuwa akwai wurin yin haka a cikin manhajar kamfanin mai suna Adrenalin. A cikin Afterburner, idan aka danna Ctrl da F tare, sai wani jadawali ya fito mai ɗigo-ɗigo a jere suna hawa kamar tudu. Daga hagu zuwa dama bolt ne, an rubuta shi da milibolt, wato kashi ɗaya cikin dubu na bolt. Daga ƙasa zuwa sama kuwa saurin bugu ne. Kowane ɗigo yana nuna saurin da katin zai yi idan an ba shi bolt kaza.

Matashin ya fara ne da abin da kowane mai tattali yake farawa da shi, wato sanin halin da ake ciki. Ya sa wa kwamfutar aiki mai nauyi na rabin sa'a, ya rubuta a littafinsa bolt nawa katin yake sha, da saurinsa, da wat, da digirin zafi. Ya tarar katin yana hawa har milibolt 1,050. Daga nan sai ya zaɓi wani ɗigo da ke ƙasa da wannan, ya ɗaga shi zuwa saurin da katin ya saba yi, ya kuma shimfiɗe duk ɗigogin da ke damansa suka zama layi ɗaya, domin kada katin ya ga wata riba a neman ƙarin bolt. Ya sake gwaji, ya rubuta. Da ya ga lafiya, sai ya ƙara saukowa da milibolt 25, ya sake gwaji. Haka ya yi ta yi, taki bayan taki, har kwana uku, domin sannu ba ta hana zuwa.

Iyaka tana da alamominta. Wani lokaci ɗigon launi yakan fito a inda bai kamata ba, wani lokaci fuskar kwamfuta ta yi baƙi na ɗan lokaci, wani lokaci kuwa manhajar da ake aiki da ita ta rufe kanta. Ganin ɗaya daga cikin waɗannan ba hasara ba ce, shi ne ma abin da ake nema, domin ya nuna inda bango yake. Katin matashin ya fara nuna alama a milibolt 850. Bai zauna a 875 da ke dab da bangon ba, sai ya koma 900, ya bar wa kansa sarari. Sannan ya yi gwaji na ƙarshe da ainihin aikinsa, wato fitar da fim mai tsawon sa'a biyu, ya kuma zaɓi tsakar rana a watan Afrilu, domin abin da ya tsaya da asuba ba lalle ne ya tsaya da azahar ba. Saitin nan a cikin manhaja yake zaune, bai canza komai a jikin katin ba, kuma dannawa ɗaya take mai da shi yadda ya zo daga masana'anta. Wannan ne ya kwantar da hankalin baffan da aka nuna masa, don gani ya kori ji.

A lissafin littafinsa, katin ya sauko daga wat 170 zuwa wajen 130, zafinsa ya daina kaiwa inda zai rage gudu, fankokin kuma suka sassauta. Wat 40 ƙaramin abu ne a baki. Amma a ninka shi da sa'a takwas na aikin yini, sai a sami 320. Batir irin na ruwa mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗaukar 2,400 a wannan ma'auni, rabin wannan kuwa ake son a sha idan ana son batirin ya daɗe, wato 1,200. Ashe abin da aka tsimin ya haura kashi ɗaya cikin huɗu na abin da batir guda yake bayarwa a yini. Wannan shi ne bambancin da ke tsakanin fim ɗin da ya kammala kafin a rufe shago da wanda ya yanke saura kaɗan, a wayi gari ana ba mutane haƙuri.

Iyakar Dabarar

Wajibi ne a faɗi abin da dabarar ba ta iyawa. Ba ta share ƙurar hunturu da ta toshe ƙarfen shan zafi, ba ta sabunta man da ke tsakanin ƙwaya da ƙarfen idan ya bushe, ba ta kuma gyara wayar da aka ja ba bisa ƙa'ida ba. Wanda aikinsa buga takardu ne kawai, ba zai ga wani bambanci ba, domin katinsa dama ba ya shan wuta sosai. Har ila yau, lambar da ta yi wa katin wani daidai ba lalle ne ta yi wa na maƙwabcinsa ba, ko da samfurinsu ɗaya. Wanda ya kwafi lamba daga intanet ya zuba ba tare da gwaji ba, ya ari rigar wani ne bai auna ba.

Babban haɗarin kuwa shi ne tattali ya rikiɗe ya zama rowa. Mutum yakan ga ya rage wat 40, sai kwaɗayi ya ja shi ya nemi 60, ya ajiye katin a bakin rami. Kuskuren da ya fito fili da sauƙi, wanda ya ɓuya shi ne abin tsoro, domin ƙwayar da ba ta ƙoshi ba tana iya yin lissafin da bai yi daidai ba ta wuce, ba tare da komai ya tsaya ba. A watan Disamba na 2019 wasu masana a jami'o'in Turai sun nuna cewa ana iya rage bolt da gangan a wasu ƙwaƙwalen kwamfuta na kamfanin Intel har su yi kuskuren da zai tona asirin da aka killace a cikinsu. An sa wa wannan kafa suna Plundervolt, kuma a dalilinta aka kulle damar rage bolt a kwamfutocin hannu da yawa. Ga mai haɗa fim ɗin biki, darasin a fili yake: ɗaurin aure sau ɗaya ake yinsa, wanda ya lalata hoton amanar mutane domin tsimin wat 20 ya yi cinikin asara.

Duniya Ma Ta Zo Nan

Kada a zaci wannan damuwa ta talaka ce kawai. A 1974 wani masani na kamfanin IBM mai suna Robert Dennard tare da abokan aikinsa suka bayyana cewa duk lokacin da aka ƙanƙanta tiransista, ana iya rage bolt ɗinta, ta yadda ƙwaya za ta ƙara sauri ba tare da ta ƙara zafi ba. An ci moriyar wannan ka'ida wajen shekara talatin, amma zuwa 2005 yoyon wuta ya hana a ci gaba da sauke bolt kamar da. Tun daga nan ƙarin ƙarfi yake zuwa da ƙarin shan wuta. Matsakaicin kati GTX 1060 na 2016 wat 120 yake sha. Manyan katunan da suka biyo baya kuwa, RTX 3080 na 2020 wat 320, RTX 4090 na 2022 wat 450, RTX 5090 na 2025 wat 575, abin da ƙaramin janareta zai yi nishi kafin ya ɗauka.

Daga cikin waɗanda suka mai da rage bolt sana'a akwai masu haƙar kuɗin intanet na Ethereum, waɗanda suke jera ɗaruruwan katuna suna aiki dare da rana, ribarsu kuma ita ce abin da ya rage bayan an biya kuɗin wuta. Da aka sauya tsarin Ethereum a watan Satumba na 2022 aka daina haƙarsa da kati, katunan nan da yawa suka kwararo kasuwar kayan hannu. A yau kuwa manyan rumbunan kwamfuta masu horar da ƙirƙirarriyar basira su ne suke fama da wuta da zafi. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2024 rumbunan bayanai sun sha kusan kashi 1.5 cikin 100 na lantarkin duniya, abin da ya ninka wanda tashoshin Nijeriya suke samarwa a shekara wajen sau goma. Tambayar da injiniyoyinsu suke yi, wato aiki nawa ake samu daga kowane wat, ita ce mai shago a Garki yake yi da littafinsa da bironsa. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Kammalawa

Addini da al'ada duk sun hana Bahaushe almubazzaranci, har a ruwan alwala, sun kuma ƙi rowa. Tsakanin biyun nan akwai wata 'yar siririyar hanya, wadda ba a binta sai da ma'auni. Rage bolt ɗin katin hoto misali ne na bin wannan hanya a cikin na'urar zamani: a san abin da kaya yake bukata, a ba shi wannan, a ɗora ɗan sarari don gudun ɓacin rana, a riƙe saura.

A nan ne maganar ta dawo kan ɗaliban harshe. Kalmar wuta a Hausa tana ɗauke da ta murhu da ta fitila da ta lantarki da ta lahira, jimlar ƙarfin wuta kuma tana ɗauke da bolt da amfiya da wat gaba ɗaya. Wanda harshensa bai raba masa abubuwa uku ba, da wuya ya auna su ɗaya bayan ɗaya. Jihar Jigawa ta fara zuba jari a ilimin kwamfuta tun zamanin Gwamna Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, lokacin da aka kafa cibiyar koyar da wannan fanni a Kazaure, a 2011 kuma aka buɗe Jami'ar Tarayya a Dutse. Matasan da suka iya taɓa na'ura sun yawaita, amma bayanin na'urar har yau yawancinsa da Turanci yake, mai gyaran rediyo da mai haɗa sola a ƙauye kuwa da Hausa suke tunani. Idan sassan Hausa na jami'o'i suka zauna da injiniyoyi da masu sana'a suka daidaita kalmomi irin su matsin wuta da gudanar wuta da shan wuta, suka rubuta ƙananan littattafai da su, to, tattalin da kakanni suka iya a bakin rumbu zai sami hanyar shiga ɗakin batir da cikin kwamfuta. Allah ya ba da ikon yin hakan.